Sallar Papa

Paris, 6 ga Yuni

Hassoumi, taubashina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya gajiyar tafiya, ya aiki, ya zaman Lyon. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar maigidana Youssouf da ta sake tashi, yana ta ɗingishi yana cewa ba komai. Yara suna fama da jarrabawa, ni kuma ina fama da tsofaffina a gidan jinya.

Dubi abin da ka mai da ni. Ni Hamdiya da biro da ambulan, ina layi a gidan waya, kamar zamanin da kakata take aika wa kakanka saƙo daga Tasawa. Wayarka a kashe take tun da ka sauka daga jirgi. Na kira har na gaji, Youssouf ya ce in rubuta, wai ku masu digiri takarda kaɗai kuke ganewa.

Na san ka san abin da ya sa na rubuto. Hoton nan ya zagaya. Kai ne, goshi a ƙasa, a kan rigar sanyinka, gabanka wasu ƙattin gumakan dutse a jere, rana tana fitowa ta bayansu. Ya fara shiga gurup ɗin 'yan Damagaram na Faransa, kafin la'asar ya sauka Zinder, yanzu har wata ƙawata a Maraɗi da ba ta san ka ba ta turo mini shi tana salati. Wani ya rubuta a ƙasansa wai karatu ya yi maka yawa.

Ni da na gani dariya na yi. Na ce wa Youssouf, Hassoumi da ko hoton bango ba ya rataya a ɗakinsa, shi ne zai je ƙarshen duniya neman gunki? Dariyar ba ta daɗe ba. Ranar Asabar na haɗu da surukarka Hajiya Biba a kasuwar Château Rouge, wurin mai busasshen kifi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ta ci gaba da juya kifi kamar shi ya yi mata laifi. Na tambayi lafiyar Najla, ta ce tana lafiya. Sai da ta biya ta ɗauki ledarta sannan ta dube ni ta ce:

"Ki gaya wa ɗan'uwanki, jikata ba za ta kwana gidan da ake yi wa dutse sujada ba."

Ka dai tuna alkawarin da aka yi bayan rasuwar matarka Sofia: Najla ta zauna Clichy wurin kakarta har ta yi wayo, in yara za su koma karatu lakkwal a Satumbar bana ka zo ka ɗauki ɗiyarka. Kowa ya shaida, ni ma ina wurin. To yanzu Hajiya tana neman ta warware, kuma shirunka ne yake ba ta ƙarfi.

Ni ban ma san inda ka je ba. Wasu sun ce Amirka, wasu sun ce Indiya. Ka rubuto mini abin da ya faru tun daga farko, yadda zan iya maimaita wa tsohuwa ta gane. Kada ka yi mini irin bayaninku na ma'aikatan buro.

Youssouf da yara suna gaishe ka.

Taubashiyarka,
Hamdiya

Lyon, 15 ga Yuni

Hamdiya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Ina lafiya. Allah ya ƙara wa Youssouf sauƙi, ya ba yara sa'a. Barcina ne bai koma daidai ba tun da na dawo, ban da shi ba wani abu.

Wayar na kashe ta ne don ta dame ni da ƙara. Ba fushi nake ba. Na buɗe saƙo biyu ko uku, na ga duk magana ɗaya ce, na sa ta cikin durowa.

Sunan wurin Rapa Nui. Ƙaramin tsibiri ne a tsakiyar tekun Pasifik, ƙarƙashin ƙasar Chili. Daga babban birninsu sai a wuni rabin rana a sama, ba abin da ake gani a ƙasa sai ruwa. Gari ɗaya ne gare su. Ban ga masallaci ba, ban haɗu da Musulmi ba. Dawaki suna yawo ba kowa tare da su, in suka tsaya a tsakiyar hanya sai mota ta jira. Iska ba ta hutawa. Na ci kifi da dankali har na daina lura da abin da ke cikin faranti.

Aikin da ya kai mu kin san shi, shi ne kike ce mini likitan duwatsu. Gishirin teku da iska da ruwan sama suna cin mutum-mutumin nan a hankali, mu kuma muna auna yadda suke ci. Mutanen wurin moai suke ce musu. Matar da take yi mana jagora, 'yar tsibirin ce, ta ce siffar kakanninsu ne, shi ya sa yawancinsu suka ba teku baya suna kallon cikin ƙasa. Akwai wani tsauni inda ake sassaƙo su, can na fi zama. Wasu ƙasa ta rufe su har wuya. Wani yana kwance cikin dutsen, an yi masa fuska da ƙirji aka tafi aka bar shi. Abokan aikina suna ta mamaki suna ɗaukar hoto. Ni na duba, na auna, na rubuta. Na jira in ji wani abu a raina, ban ji ba. Haka nake tun da Sofia ta rasu, ko'ina aka kai ni duk ɗaya ne.

Ranar hoton an fita da mu da sassafe zuwa wani wuri da ake kira Tongariki, inda guda goma sha biyar suke tsaye a jere, don a ga fitowar rana. Na yi alwala a masauki, na ce in mun isa sai in yi asuba. Dawaki suka tsare mu a hanya. Muna isa sama ta fara ja. Na ja da baya nesa da mutane, na duba alƙibla a waya, ta nuna gabas, na shimfiɗa rigata na kabbara. Su ma a gabas suke, tsakanina da teku. Na gan su, ba zan ce ban gan su ba. Amma suna da nisa, filin ƙwallo zai shiga tsakaninmu, kuma ban ɗauke su a bakin komai ba, kamar kabad ɗin ɗakina da nake fuskanta kullum in ina salla. Da na ɗan matsa gefe da an huta. Tunanin bai zo mini ba, hankalina yana kan kada rana ta fito.

Abokin aikina Ilya ne ya ɗauka daga bayana, da irin kamarar da take jawo nesa kusa. Bature ne, ba ruwansa da addini. Ya ce bai taɓa ganin abu mai kyau haka ba, ya sa a shafinsa har da sunana. Da na gaya masa abin da ya jawo, ya cire, ya yi ta ba ni haƙuri har ya ba ni tausayi.

Abin da ya faru ke nan. Wanda zai yarda ya yarda.

Najla kuwa, in ta fi jin daɗi wurin Hajiya, ban san abin da zan ce ba. Hajiya ta iya da ita, ta saba da ita. Ki gaishe su.

Hassoumi

Paris, 24 ga Yuni

Hassoumi,

Gaisuwa. Muna lafiya, ina fatan kai ma haka. Yau ba ni da tsawon gaisuwa, raina a ɓace yake, rabi da kai rabi da kaina.

Na ɗauki takardarka na tafi Clichy ranar Lahadi. Na ce bayanin nan na alƙibla a fili yake, ko yaro zai gane, bari in karanta mata da bakina. Na karanta tana saurare, hannunta a haɓa. Wajen dawaki har ta ɗan yi murmushi. Ni kuma da na ga abin yana tafiya, sai na saki baki na ci gaba, ban tsaya inda ya kamata in tsaya ba. Kafin in farga na karanta mata layinka na ƙarshe.

Ta ce, "Kin ji ko? Shi ma ba ya son ta."

Na yi ta kame-kame, na ce ba haka kake nufi ba. Ta tambaye ni to me kake nufi, na kawo wani zance. Don gaskiya, Hassoumi, ni ma haka na fahimta. Ka cika takarda da duwatsu da iska da kifi, ka zo kan ɗiyarka ka yi mata layi biyu, a ciki ma ka ce a gaishe ta kamar 'yar maƙwabta. Washegari Hajiya ta je ta sake rubuta sunan Najla a lakkwal ɗin unguwarsu. Ita da kanta ta kira ni ta gaya mini.

Ga kuma wata. Alhaji Bukari, shugaban ƙungiyarmu ta nan, ya tara dattawa a kan maganarka. Wasu sun ce kuskure ne, wasu sun ce ko kuskure ne an riga an gani. Sun tsaya a kan ka zo wata Juma'a bayan an idar da salla, ka sabunta kalmar shahada gaban jama'a, shi kuma ya sa baki wurin Hajiya. Youssouf ya ce wannan wulaƙanci ne, har suka ɗaga wa juna murya da wani. Ni dai na ce sai na ji daga gare ka.

Na san dokar ƙasar nan tana bayanka. In ka so gobe za ka ɗauki Najla, ba mai hana ka. Na kuma san ba za ka tsayar da uwar Sofia gaban alƙali ba, ni ma ba zan bari ba. To saura hanya ɗaya, ka buɗe baki ka ce kana son ɗiyarka. In kuwa da gaske ka haƙura da ita, ka gaya mini in daina hawa bene bakwai da ƙafa, don asansar ɗinsu, injin hawa benen, ya sake lalacewa.

Hamdiya

Paris, 19 ga Yuli

Hassoumi,

Muna lafiya. Kai fa? Kullum ina buɗe akwatin waya ina samun tallar kanti. Na kira wurin aikinku, wata mata ta ce kana zuwa kullum, kana cin abinci. To alhamdu lillahi, da ranka. In shirun nan shi ne amsar, ka rubuta mini shi da biro in gani.

Hamdiya

Lyon, 28 ga Yuli

Hamdiya,

Salam. Ina lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna. Na fara rubuta miki sau da yawa, in na kai tsakiya sai in ga ban ce komai ba, in ajiye.

Ban ce ba na son ta ba. Na ce ban san abin da zan ce ba, kuma gaskiya ce. Ba laifinki ba ne da kika karanta, ni na rubuta.

Tun kafin tafiyar na sayi gadonta. Yana jingine a ƙaramin ɗaki cikin kwalinsa, ban haɗa ba. Na sayi labule mai hoton giwaye. Na rubuta sunanta a lakkwal ɗin da ke ƙarshen layinmu, malamar ta nuna mini ƙugiyar da za ta riƙa rataya rigarta. Duk na yi waɗannan yadda nake yin aikin buro, ɗaya bayan ɗaya.

Kin san yadda nake zuwa Clichy. Sau ɗaya a wata, in zauna kujerar bakin ƙofa, kaina a sunkuye. Hajiya ta kawo abinci in ce na ƙoshi, don ba zan iya tauna gabanta ba. In lokacin salla ya yi in sauka masallaci. Najla ta karɓi biskit, ta ce mersi, ta koma jikin kakarta tana leƙena yadda yaro yake leƙen likita. In na fito in hau jirgin ƙasa in dawo Lyon, kuma ba na jin na rabu da kowa. Abin da nake tsoro ke nan, Hamdiya. Ba na tsoron Alhaji Bukari. Ina tsoron in kawo yarinya 'yar shekara huɗu gidan da mutum ɗaya ne a ciki, shi ma ba ya jin komai. Da Hajiya ta ce ba za ta bayar ba, wani sashe na zuciyata ya samu sauƙi, kuma na ji kunyar hakan.

Amma ɗiyata ce, kuma Sofia ba ta ce in bar wa kowa ita ba. Ki gaya wa Alhaji zan zo in faɗi shahadar. Kullum ina faɗinta a ɗaki, in suna so su ji da kunnensu ba abin da zai rage ni. Ki ce wa Youssouf kada ya ɓata da kowa saboda ni. Ki zaɓi Juma'ar da ta yi musu.

Hassoumi

Paris, 11 ga Agusta

Taubashina,

Assalamu alaikum. Mun gode Allah da ka yi magana. Muna lafiya, gwiwar Youssouf ta yi sauƙi, yara sun tafi hutu wurin ƙanwarsa sun bar mana gida shiru. Wannan takardar taka ban karanta wa kowa ba, na koyi hankali.

Ka bar maganar Juma'a tukuna, ka ji abin da na gani.

Jiya na je wurin Hajiya da albishir, na ce ka yarda za ka zo gaban dattawa. Ko a jikinta. Ta ce wannan hidimar Alhaji Bukari ce, shi yake son taro. Ta ce ita tun watan jiya ta sa ɗan maƙwabciyarta ya duba mata a taswira, ta san gabas ka fuskanta, ta san ba ka bar addininka ba. Na ce to Hajiya, me ya rage? Ta zuba mini kunun gyaɗa muka zauna muna zancen zafi da tsadar tumatir. Can sai ta ɗaga hannu ta ce in yi shiru, ta kama zanena ta ja ni bakin ƙofar kicin.

Najla ce a bayan ƙofar. Ta kwaso kwalabe ta jera su a ƙasa, jikin bango: ta man gyaɗa, ta yaji, robar ruwa, wata ta turare da ta ƙare. Ta daidaita su sosai, in ɗaya ta karkace ta gyara. Sannan ta ɗauko 'yar rigar sanyinta, a wannan zafin, ta shimfiɗa. Darduma tana nan rataye a kujera, ba ta taɓa ta ba. Ta ja da baya, ta durƙusa, ta sa goshi a ƙasa ta daɗe. Na ji tana magana ƙasa-ƙasa, ban ji abin da take cewa ba.

Hajiya ta ce tun makon da hoton ya shigo wayarta take yin haka. Yarinyar ta gani, ta ce Papa ne, ta riƙa roƙon a nuna mata safe da yamma. Ranar farko da ta kama ta gaban kwalaben, ta tambaye ta me take yi, ta ce sallar Papa. Hajiya ta buge mata hannu. Ta ce tun da aka haifi Najla ba ta taɓa dukanta ba sai ranar, kuma tana faɗa mini idonta ya kawo ruwa. Tun daga nan yarinyar ta koma yi a ɓoye. Hajiya ta goge hoton, ta nuna mata yadda ake yi a kan darduma, tana bi, in an gama ta koma kicin ta yi tata.

Abin da ya tsorata tsohuwar ke nan. Ta ce in daga hoto ɗaya abin ya kai haka, ina ga ta zauna da kai. Ni kuma a metro ina dawowa na yi ta tunani, sai na ga akasin haka ne. Hassoumi, yarinyar nan ba ta taɓa ganinka kana salla ba sai a hoton nan. Ba ta taɓa ganinka kana cin abinci ba. Abu ɗaya ta samu naka, ta riƙe.

Ka zo Clichy. Ka ajiye kunyar surukuta a ƙasan bene, ka hau, ka ci abin da aka ba ka, in lokaci ya yi ka nemi darduma a falon. Ni ba zan je ba, in na je zan cika ku da surutu. Alhaji Bukari ka bar ni da shi.

Hamdiya

Lyon, 8 ga Satumba

Hamdiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Youssouf da yara, ina fatan sun koma lakkwal lafiya. Mu ma lafiya. Najla tana ɗan tari, malamarta ta ce duk ajin haka suke.

Na san Hajiya ta gaya miki yarinyar tana wurina, na kuma san ba ta gaya miki yadda aka yi ba.

Na je ranar Asabar ɗin ƙarshen wata. Hajiya ta kawo dambu, na wanke hannu na ci. Ta tsaya tana kallona, sannan ta juya baya ta yi kamar tana gyaran labule har na gama. Da la'asar ta yi na ce ko za a taimaka mini da darduma. Ta miƙo mini. Na yi salla a kusurwar falo, Najla tana bayan kujera tana leƙe.

Ina sallamewa ta fito ta ce mini da Faransanci ban yi daidai ba, na manta da mutanen. Ta ruga kicin ta fara kwaso kwalabe. Hajiya ta yunƙura za ta hana, na ce don Allah a bar ta. Ta jera su gabana a kan kafet. Na tambaye ta su waye waɗannan. Ta ce mutanen da suka yi tafiya ne. Sannan ta ɗora yatsa a kan ta turaren ta ce wannan Maman ce, wato Sofia.

Na sa ta ta yi mini bayani, ta yi, tana mamakin yadda ban sani ba. An ce mata Maman ta yi tafiya mai nisa. Bana kuma aka ce mata Papa ya yi tafiya mai nisa. To a ganinta ai wuri ɗaya ne. Na je na same su a tsaye, na durƙusa ina gaishe su, yadda Hajiya ta koya mata gaida manya. Ita ma gaisuwa take aikawa. Ta matso har gwiwarta ta taɓa tawa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce:

"Me ta ce maka? Yaushe za ta dawo?"

Hajiya ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Mun daɗe a zaune, Najla tana nuna mini takalminta sabo. Da Hajiya ta fito, da akwati ta fito. Ta ajiye a bakin ƙofa, ta yi magana ba ta kalle ni ba.

"Ni na ce mata tafiya ce. Bakina ya kasa faɗin ɗayar, har yau ya kasa. Ka tafi da ita, matarka ce, kai za ka gaya mata."

Na ce Hajiya ni ma ban iya ba. Ta ce to ka koya. Ta sa wa Najla albarka, ta ɗaura mata ɗankwali, ta koma kicin ba ta raka mu ba.

A jirgin ƙasa yarinyar ba ta yi kuka ba, ta yi ta ƙirga shanu ta taga tana ɓata lissafi. Mun haɗa gadon tare, ita take miƙo mini kusoshi. Kwanakin farko ba ta sake tambaya ba, ni kuma na lallaɓa na yi shiru, ina cewa gobe.

Ranar Alhamis na ɗauko ta daga lakkwal. Muna shiga gida, tana cire takalmi, ta ce in an yi hutu mu je wurin Maman da jirgin sama. Na zauna a ƙasa kusa da ita. Na ce Najla, Maman ba ta tsibirin nan, waɗancan duwatsu ne. Maman ta yi ciwo ta rasu, tana wurin Allah, ba za ta dawo ba. Na faɗa da Faransanci, sannan na sake faɗa da Hausa, ban san dalili ba. Tun ranar jana'iza mutane suke faɗa mini, ni ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ta riƙa jan igiyar takalminta. Ta tambaya ko gobe ma ba za ta dawo ba. Na ce ko gobe. Ta ce to. Can ta ce tana son yawut, nonon kanti.

Na tashi na shiga kicin na buɗe firiji. A nan abin ya same ni. Na riƙe ƙofar firijin na yi kuka, Hamdiya, irin wanda ban yi a asibiti ba, ban yi a maƙabarta ba, da murya. Kewar Sofia nake, kuma da zafi ƙwarai. Najla ta shigo ta same ni a haka. Ta ratsa ta ƙarƙashin hannuna ta ɗauki yawut ɗinta, ta nemo cokali da kanta, ta zauna a ƙasa jikina tana sha tana kallona har na gama.

Jiya ta sake tambaya, na sake gaya mata. Malamarta ta ce haka za ta yi ta yi, in riƙa ba ta amsa ɗaya.

In kin samu hali ki leƙa Hajiya. Ita kaɗai ce a gidan yanzu.

Taubashinki,
Hassoumi